Ranar da Na Ƙirga Shanun Ardo

Asabar, 6 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Hajiya Asama'u ce ta ce in sayi littafin nan. Wai duk mai neman aiki ya riƙa rubuta abin da ya yi a yini, don ya gani da idonsa ko nema yake yi ko barci. Ta ce a shafin farko mutum ya sa sunansa da abin da ya iya. To, sunana Leah Mika. Na karanta lafiyar dabbobi, na yi bautar ƙasa, na dawo Zuru na zauna shekara guda cur. Dabbar da na yi wa allura tun daga lokacin ita ce akuyar Mama, ita ma sai da ta tunkuye ni.

Duk Asabar muna haɗuwa a zauren gidan Hajiya, mu goma sha uku, masu digiri da masu difloma, kowa da kwalinsa a leda. Ta yi shekara talatin da biyu tana aikin dabbobi kafin ta yi ritaya, yanzu kuma mu ne dabbobinta, haka take faɗa. Ba ta karɓar komai a hannunmu. Takan zauna a benci da tabarau da jan biro, ta gyara mana takardun neman aiki, ta buga wa tsofaffin yaranta waya ta ji inda ake ɗauka, sannan ta zama oga ta yi mana tambayoyin intabiyu har gumi ya karyo wa mutum. Yau Kamalu ya rubuta cewa ya ƙware a kwamfuta. Hajiya ta shiga ciki ta ɗauko ta jikanta ta ajiye a gabansa ta ce, "Kunna." Mun yi dariya har da hawaye, shi ma ya yi. Daga baya na ji tana haɗa shi da wani mai shago da zai koya masa da yamma.

Ina son matar nan, gaskiya. Ban taɓa ganin mai yi maka tsirara a gaban mutane kuma ka tashi kana godiya ba sai ita.

Da za mu watse ta ce wata ƙungiya mai aikin rigakafin shanu na neman mutum ɗaya da zai riƙa zagaya rugage daga nan har Ribah. Takarda biyu suke so: wasiƙar wanda ya san aikinka, da dangwalen wani Ardo cewa ya yarda ka shiga garkensu. Ranar Juma'a 26 ga wata za su rufe. Ta ɗaga tabarau ta dube ni.

"Ke, Leah. Litinin ki sa takalmin roba. Ba ni rubuta ma kowa takarda sai na ga hannunshi bisa saniya."

Na dawo gida ban san ta inda na biyo ba. Na wanke takalmin sau biyu.

Litinin, 8 ga Yuli, ƙarfe shida da rabi na yamma

Yau na ga aiki.

Hajiya ta tuƙa mashin, ni a baya riƙe da akwatin ƙanƙara mai kwalaben magani. Mace mai shekara sittin da wani abu, amma ramin da ke hanyar Ribah duk ta san shi da suna. Muka sauka daga titi muka bi sawu har rugar Ardo Nagoggo, dogon tsoho mai farin gemu, ba ya magana sai ya gama kallon ƙasa.

Gaisuwa kaɗai ta ci rabin awa. Ta tambayi yara, ta tambayi ruwa, ta tambayi ƙafar matarsa, ta tambayi wani da ya tafi Bena tun bara. Shanu suna nan gabanmu fari da ja, ko kallonsu ba ta yi ba. Sai can ta ce, "Ardo, kwalba nawa za ni buɗe?" Ya ce huɗu. Ta buɗe huɗu.

Abu, babban ɗansa, shi ke kamawa, ni ina yin allura, ita tana tsaye a kaina. Ta farko na soke ta kai tsaye, ta zabura. Ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Aza hannu gare ta tukuna, ta san ki. Ke ma ba ki son a soke ki babu sallama." Daga ta biyar hannuna ya zauna. Da muka gama ta ce, "Ba laifi," kuma duk ɗan zaure ya san ba laifin Hajiya ya fi kyautar wani.

Abu ɗaya na lura ta manta, ban so in kunyata ta ba. Ba ta cika fom ba. A makaranta an koya mana ba a barin garke sai an rubuta yawansa. Da ta shiga bukkar mata gaisuwa sai na ciro littafina na ce, "Ardo, ranka ya daɗe, shanunka nawa ne?" Ya dubi ƙasa ya ce, "'Yan kaɗan na, na Allah." Na ɗauka bai iya lissafi ba, Allah ya yafe mini. Na zagaya da kaina ina nunawa da yatsa ina ƙirgawa, na rubuta, na kuma ɗauki hotuna da waya don in nuna a intabiyu.

Da za mu tafi ba a ba mu nono ba. Hajiya ta ce abin ya ba ta mamaki, ba su taɓa barin ta ta tafi hannu sake ba.

Talata, 9 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Na kai mata littafin ina jiran yabo. Ta karanta, ta cire tabarau ta ajiye a cinya. Da ma ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Da yatsa kinka nuna su?"

Na ce e.

"Gabanshi?"

Na ce e, har da hoto.

Ta rufe littafin. Sannan ta yi mini bayani kamar mai karanta wa yaro allo. Ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa. Shi kansa ba ya ƙirga su da baki, ya san kowace da kamarta da uwarta, da ido yake gane wadda ba ta dawo ba. Tun kakanni suna ganin ƙirga na kawo baki, kuma mai karɓar jangali ne ke ƙirga. Balle yanzu da daji ya zama abin da ya zama, wanda ya zo ya ƙirga garke ya ɗauki hoto, sunansa daban ne, ɗan leƙen asirin ɓarayin shanu. Shi ya sa take tambayar kwalba. Ta san saniya nawa kwalba ɗaya ke yi, ta yi lissafinta a zuci, ta cika fom a gida.

Na ce ban sani ba. Ta ce, "Na san ba ki sani ba. Ni ya kamata in hwaɗa miki tun bisa mashin, sai na tsaya ba ki labarin ramu." Ta ce Litinin mai zuwa za mu koma da buhun kanwa mu ba da haƙuri, abin zai wuce.

Shekara huɗu a makaranta, ba malamin da ya taɓa faɗa mana wannan. Kunya kamar in nutse.

Juma'a, 12 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Wani abu ya faru a hanyar Ribah.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

A rugar Ardo ne, an kai hari an kora shanu. Abu yana asibiti. Ba zan rubuta sauran ba.

Baba ya dawo daga wajen abokansa tsofaffin sojoji, ya kira ni ɗaki ya rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaye ni da yarenmu C'lela wa na nuna wa hotunan. Na ce Hajiya kaɗai. Ya ce wa na tura wa. Na ce ba kowa. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Ya ce kar in fita.

Na wanke takalmin roba, ko da yake ba inda na je da shi.

Asabar, 13 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Hajiya ta zo da kanta ta ɗauke ni. Baba ya ce gara in zauna a gida kwana biyu. Ta ce, "Baban Leah, in ta ɓoye yau, gobe ba ta da bakin magana. Ni ka ɗauka, ni ka maido ta." Baba da ya yi shekara ashirin da bakwai yana ba da oda ya ce to, Hajiya.

Mu shida muka zo zaure. Tabarmar da muke matsuwa a kai yau har da wurin miƙe ƙafa, kuma duk wurin a gefena yake. Hajiya ta gani. Ta ce in taso in zauna a benci kusa da ita in riƙe mata jan biro. Ta yi darasinta kamar kullum, yadda ake amsawa idan an tambaye ka albashin da kake so, har da barkwancinta. Ba ta ambaci komai ba.

Kausar, 'yar zaurenmu, ce ta raka ni bakin ƙofa ta faɗa mini abin da ake cewa a kasuwa. Ba a san sunana ba tukuna. Ana cewa yarinyar da ta ɗauki hoto.

Lahadi, 14 ga Yuli, bayan coci

Fasto ya yi addu'a don waɗanda abin ya shafa. Na ce amin da ƙarfi, sai na ga kamar ya yi ƙarfi da yawa.

Farida, matar Abu, ita ke kawo mana nono tun ina sakandare. Yau wata ce ta ɗauko ƙwaryarta. Ta tsaya gidan da ke gabanmu, ta tsallake namu, ta tsaya na bayanmu. Mama tana tsaye da kwano a hannu.

Litinin, 15 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Yau ce ranar da ya kamata mu kai kanwa. Maimakon haka aka kira ni ofishin jami'an tsaro.

Baba ya goge tsohuwar rigarsa har ƙarin guga na iya yanka mutum. Muka isa ƙarfe takwas, muka tarar da mashin ɗin Hajiya a bakin ƙofa. Ba wanda ya kira ta. Tana zaune a benci da carbi da fulas ɗin kunu, wai ta san irin wannan zama ba ya ƙarewa da wuri.

Sun karɓi wayar sun duba. Sun yi tambaya ɗaya ta hanya bakwai. Da suka ce wa ya aike ni, kafin in buɗe baki Hajiya ta ce daga bakin ƙofa, "Ni na kai ta. Ni na bar ta ita ɗai gaban garke ban koya mata ba. In akwai wanda za a rubuta, ga sunana." Mutumin ya ce Hajiya ba da ke ake ba. Ta ce ai shi ya sa ta zo, don a yi da ita.

Ƙarfe uku suka ba ni wayata suka ce in tafi, kar in bar gari. Kunun ya huce amma na sha. Da muka kusa gida Baba ya ce ya yi aiki da hafsoshi da yawa, biyu kaɗai ya gani masu irin halin matar nan.

Talata, 16 ga Yuli, da safe

Ban fita ba. Na wanke takalmi.

Laraba, 17 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Na je wurin Hajiya da niyyar in ce na haƙura da aikin, a ba Kausar ko wani. Na kuma ce zan goge hotunan, ganinsu na hana ni cin abinci.

Ta ce kar in kuskura in goge ko ɗaya, in na goge kowa zai ce akwai abin da na ɓoye. Batun haƙura kuwa ko amsa shi ba ta yi ba. Ta miƙo mini farar takarda ta ce in rubuta takardar neman aikin yanzu a gabanta.

Na rubuta. Na sa makaranta, na sa bautar ƙasa, na sa na yi wa garke allura ƙarƙashin kulawarta. Ta bi da jan biro ta gyara waƙafi biyu. Sannan ta ce, "Ni cikin wasiƙata zan hwaɗi abin da kinka yi ranar Litinin. Ƙirgar da hoton, duka."

Na ji kamar ta watsa mini ruwan sanyi. Na ce Hajiya, ai kin kashe ni ke nan. Na ɗaga murya, yau na ɗaga wa Hajiya Asama'u murya a zaurenta.

Ta bari na gama. Ta ce, "Leah, garin ga ƙarami na. Za su ji, ko daga bakina ko daga kasuwa. Na kasuwa ba shi hwaɗin hannunki ya zauna daga saniya ta biyar. Ni zan hwaɗi." Ta ce tun da ta fara rubuta wa yara wasiƙa ba ta taɓa sa ƙarya ɗaya ba, shi ya sa in aka ga sa hannunta ake kiran mutum. Ba za ta ɓata wa na baya hanya don ta rufa mini asiri na kwana biyu ba.

Na fita ban yi sallama ba. Ina jin haushinta, kuma na san tana da gaskiya, wannan ne ya fi ba ni haushi.

Alhamis, 18 ga Yuli

Abu bai farfaɗo ba. Saura kwana takwas.

Asabar, 20 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Baba ya samo hanya. Yana da wani aboki a Sakaba da ya san wani Ardo a can, wanda bai san fuskata ba. A je da goro, ya dangwala, shi ke nan. Takardar ƙungiyar ba ta ce wane Ardo ba. Baba bai iya roƙo ba, amma ya yi yawo kwana biyu a kan mashin don wannan, na gani a idonsa.

Na kai wa Hajiya maganar bayan darasi. Na fara da ba ta haƙurin ranar Laraba, ta ce wace Laraba. Da ta ji batun Sakaba sai ta girgiza kai.

"Kina iya tahiya, ba ni hana ki. Amma in an ɗauke ki, rugar Nagoggo na cikin zagayenki. Ranar da kinka iso da akwatin magani, mi za ki ce mishi? Kuma Hillani ba su da waya sai kasuwa, amma labari na riga mashin isa Sakaba."

Na ce to in ya ƙi fa? Ta ce in ya ƙi na rasa wannan aikin, za ta nema mini wani, ko da zai ɗauki shekara. Ta faɗe shi kai tsaye, ba ta shafa masa mai ba.

Na gaya wa Baba ya ba abokinsa haƙuri. Ya dube ni ya daɗe, ya ce kin tabbata? Na ce ban tabbata ba. Ya ce to.

Litinin, 22 ga Yuli, ƙarfe bakwai na yamma

Mun je.

Tun daga titi na ji kukan maruƙa. Ban taɓa jin irinsa ba, ba ya tsayawa. Suna ɗaure a jere a igiyarsu, filin da ke bayansu kuwa, inda na zagaya ina nuni da yatsa, ba zan rubuta ba.

Hajiya ta ce in tsaya gindin itacen kirya wajen mashin. Ta ɗauki buhun kanwa da kanta a ka, ta shiga. Ina hangen su. Ardo bai tashi ba. Ta durƙusa, mace mai jikoki, ta yi masa jaje ta daɗe tana magana. Iska ta kawo mini kaɗan. Na ji ya ce, "Hajiya, ke tamu ta. Ruga taki ta. Amma ita, ƙahwarta kar ta taka nan."

Ta ce ta ji, kuma ba ta ga laifinsa ba. Ta miƙe ta ce maruƙan nan in ba a yi musu dabara ba rabinsu ba za su kai Juma'a ba, ita kuma idonta ya yi rauni, hannunta yarinyar can ce. Tunda yarinya ba za ta shigo ba, ita ma tana gindin kirya. Mai son a duba masa maraƙi ya kawo.

Ta dawo ta shimfiɗa ɗankwali ta zauna. Na ce Hajiya, idonki da ke hango rami tun daga nesa? Ta ce in yi shiru in haɗa madarar gari.

Mun zauna awa biyu ba wanda ya zo. Na san abin da ta ɗora a kan tabarma, zumuncin shekara talatin ne, saboda yarinyar da ta sani wata takwas. Da rana ta take sai ga Farida janye da maraƙi guda, ƙafafunsa na harɗewa. Ba ta dube ni ba. Ta miƙa wa Hajiya igiyar, Hajiya ta miƙo mini.

Ya ƙi kwalba. Hajiya ta ce in tsoma yatsu biyu a madara in sa masa a baki, in ya fara tsotsa in ja hannun a hankali zuwa cikin bokiti. Sau shida ina yi kafin ya gane. Kafin la'asar mata sun kawo tara.

Talata, 23 ga Yuli, ƙarfe bakwai na yamma

Gindin kirya. An yi ruwa, mun jiƙe. Maruƙa uku na zawo, na ba su ruwan gishiri da sukari. Ɗaya ja mai farin goshi ya mutu a hannuna wajen azahar. Na yi kuka, Hajiya ta bar ni na minti biyar ta ce na gaba na jira.

Ardo bai leƙo ba.

Laraba, 24 ga Yuli, ƙarfe shida da rabi na yamma

Gindin kirya. Yatsuna sun kumbura da tsotso. Farida ta ajiye ƙwaryar fura a tsakanina da Hajiya, ludayi biyu a ciki. Har yanzu ba ta dube ni ba.

A gida Hajiya ta ba ni wasiƙar a buɗe, ta ce in karanta kafin ta liƙe. Ta faɗi komai, kamar yadda ta ce. Ƙirgar tana nan, hoton yana nan, ofis yana nan. A ƙasa ta rubuta cewa an nuna mini gajeriyar hanya na ƙi bi, na koma inda na yi kuskure na zauna a bakin hanya kwana uku. Ta ce in tana da shanu ni za ta ba su.

Ba ta da amfani in babu dangwale, mu biyu mun sani. Duk da haka na karanta ta sau huɗu.

Saura gobe kaɗai.

Alhamis, 25 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Da muka isa Farida ta ce wa Hajiya Abu ya buɗe ido jiya, ya yi magana da babansa. Abin da ya faɗa ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Wajen sha ɗaya ina durƙushe da bokiti na ga inuwa a kaina. Ardo ne, sanda a kafaɗa. Na rasa yadda zan yi, hannuna na bakin maraƙi. Na ce ranka ya daɗe. Ya dubi ƙasa ya ce, "Hoton nan. Yana nan?"

Na ce yana nan. Na goge hannu a zane na ciro wayar, na ɗauka zai ce in fasa ta. Ya tsuguna. Bai iya matsar da hoto ba, ni nake matsa masa da yatsa.

Ya fara kiran su. Kowace da sunanta da Fillanci, a hankali, kamar yana tsoron ya firgita su. Wani lokaci ya juya zuwa Hausa saboda ni: wannan uwarta ce ta shayar da yaron da ke asibiti, wannan ta ƙi kowa ya tatse ta sai Farida, wannan ja tun kakarta tana gidansu. Mata suka taho suka tsaya a bayanmu. Hoto goma sha huɗu ne, mun bi su sau biyu. Ya ce ana iya wanke su a takarda? Na ce ana iyawa, zan kawo masa ranar Asabar.

Ya ce, "Kin yi wauta, ɗiyata." Na ce na yi. Ya ce, "Wauta ce kaɗai." Ban san ko tambaya ba ce, na dai ce ita ce kaɗai.

Hajiya ba ta sa baki ba ko sau ɗaya. Sai da ya miƙa mata hannu ya ce ina takardar, ta ciro ta daga jaka da tawadar dangwale, ashe kullum tana tafe da su. Ya dangwala a kan sirdin mashin.

Na ɗauka an gama. Ya juya zai tafi, ya tsaya, ya ce tunda ni zan riƙa kawo magani gara in sani, kar in ɗauko kwalba huɗu in sha wahalar banza. Ya faɗa mini yawan waɗanda suka rage. Ban tambaya ba, da bakinsa ya faɗa, a gaban mata.

Hajiya ta juya mana baya tana gyara madubin mashin, madubin da ba abin da ya same shi. A hanya ta ce shekara talatin tana zuwa rugar nan, bai taɓa faɗa mata ba. Ta ce gobe ƙarfe takwas in same ta da takardu a leda, in sa rigar kirki, kuma kar in yi latti.

Ban rubuta yawan a fom ba, a nan ma ba zan rubuta ba. Ba shi da wuyar riƙewa.